Littattafai biyu aka ba mu a aji, almarar ce ta hana ni barci

Bilkisu:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman a taya ni tunani, don kwana huɗu ke nan abin ya tsaya mini a rai. A kwas ɗin adabin da muke yi wannan zangon an haɗa mana littattafai biyu, aka ce mu yi jinga a kan abin da muka ji a ranmu da muka karanta, ba a son mu kwaso sharhin masana. Na farko shi ne The Palm-Wine Drinkard na Amos Tutuola, wanda ya fito a Landan a 1952, labarin dodanni da matattu tun daga farko har ƙarshe. Na biyu Confessions of an English Opium-Eater na Thomas De Quincey, na 1821, shi kuma mutum ne yake ba da labarin kansa da bakinsa, yadda ya faɗa shan wani abin maye da ake kira ofiyam. Malaminmu ya ce ɗaya almara ce, ɗaya abin da ya faru ne. To ni da na gama sai na ji almarar ta fi faɗa mini gaskiya a kan shaye-shaye. Na rasa yadda zan rubuta haka ba a ce ban gane karatun ba.

Malam Tukur:
Wa alaikumus salam, 'yata. Kafin kowa ya ce komai, nuna mana inda kika ji gaskiyar. A wane wuri ne a littafin?

Bilkisu:
A shafukan farko ma, Baba Malam, tun ba a shiga daji ba. Mai ba da labarin ya ce tun yana ɗan shekara 10 yake shan bammi, ba shi da wani aiki sai shi. Su 8 ne wurin ubansu, shi ne babba, sauran duk masu ƙwazon aiki ne. Uban shi ne attajirin garin. Da ya ga ɗansa ba ya iya komai sai sha, sai ya ɗauko masa ƙwararren mai ɗibar bammi, ya ba shi gona mai itatuwa 560,000. Kullum da safe a ɗibo masa tulu 150, kafin ƙarfe 2 na rana ya shanye, da yamma a ƙaro 75. Abokai kuwa ba sa ƙirguwa. Sai uban ya mutu, bayan wata 6 mai ɗibar bammin ya faɗo daga kan itace shi ma ya mutu. Nan take abokan suka watse. In ya ga ɗaya a hanya ya kira shi, sai ya ce yana zuwa, ba zai ƙara ganinsa ba.
Abin da ya fi girgiza ni shi ne, mutuwar ubansa layi ɗaya ya ba ta. Amma da mai kawo masa abin sha ya mutu, sai ya tattara layunsa ya bar gari, ya yi shekara 10 yana ratsa dazuzzuka yana neman garin matattu don ya dawo da shi. Uba ya mutu bai bi shi ba, dila ya mutu ya bi shi har lahira. Da na zo nan sai na kife littafin na fita tsakar gida.

Nura:
Ni ma ajinmu ɗaya da Bilkisu, kuma ban yarda da ita ba, mun ma yi gardamar a bakin ɗakin karatu. Tutuola bai taɓa nuna mana abin da mashayi yake ji a jikinsa ba. Mutumin nan da ke shan tulu 225 a yini, da bammi ya yanke, ruwa kawai ya koma sha ya kama hanya, ba rawar jiki, ba zazzaɓi. Wane mashayi ne haka? De Quincey kuwa ya kai mu ciki. Ya faɗi yadda ya fara a 1804, ciwon haƙori ya dame shi, ya tsoma kansa a ruwan sanyi ya kwanta da jiƙaƙƙen gashi, ya tashi da ciwon kai da fuska na kusan kwana 20. Wani da ya sani a jami'a ya ce masa ya gwada ofiyam, ya shiga wani kantin magani a titin Oxford ran wata Lahadi da ake ruwa, ya saya da 'yan kwabbai. Da farko sau ɗaya a mako 3 yake sha, ya tafi kallon waƙa ko ya zaga kasuwannin talakawa daren Asabar. Daga 1813 ya koma kullum, har ya kai ɗigo 8,000 a yini. Ya faɗi yadda wasiƙa za ta zo ya kasa amsawa wata da watanni, yana so, yana ganin abin da ya kamata ya yi, amma ya kasa ɗaga hannu. Wannan ai ba mai ƙaga shi sai wanda ya ɗanɗana.

Bilkisu:
Ban ce ƙarya ya yi ba, Nura. Na ce ya yi wa abin kwalliya. Dubi sashen da ya kira daɗin ofiyam, ka dubi irin Turancin da ya zuba a wurin. Har cewa ya yi yanzu ana iya sayen farin ciki da kwabo a sa a aljihu. Ni da nake ƙin abin, sai da na ji a raina ina son in san yadda yake. Sashen azabar ma bai zama abin ƙyama ba, mafarkai ne manya-manya, gine-gine marasa iyaka, teku cike da fuskokin mutane, dare ɗaya ya zame masa kamar shekara 70 ko 100. Ko wahalarsa ta masu ilimi ce. Kuma tun a gabatarwa yake ta wanke kansa, wai shi ba don jin daɗi ya koma sha kullum ba, ciwon ciki ne da ya samo tun yana yaro yana yawo da yunwa a Landan. Sa'an nan ya nuna wa mai karatu kamar ya kusa tsinka sarƙar, alhali bai daina ba har ya mutu a 1859 yana da shekara 74.

Anti Rabi:
Bari in sa baki a matsayina na wadda ta yi shekaru tana aikin jinya. Ku biyun duk kuna da gaskiya ta wani gefe, amma akwai abin da nake so ku sani, don na ga kamar kuna ɗaukar ofiyam wani abu ne na Turawan da. Ofiyam ƙaro ne da ake tatsa daga ƙwallon wani fure. Abin da De Quincey yake sha shi ne wannan ƙaron a narke cikin barasa, ana kiransa lodanam, kuma a zamaninsa ko'ina ake sayar da shi a Ingila ba takardar likita, sai a 1868 aka fara yi masa doka. Daga wannan ƙaron ake fitar da mofin, maganin kashe zafin ciwo mai ƙarfi, daga shi ake fitar da kodin, wani Bafaranshe ne ya fara ware kodin ɗin a 1832. In mutum ya sha kodin, hanta ce take mayar da wani kaso nasa mofin. Ke nan kwalbar maganin tarin da yaranmu da matan aure suke zubawa a lemo, jikar kwalbar De Quincey ce. Tramol kuma haɗa shi ake yi a masana'anta, amma ƙofa ɗaya suke ƙwanƙwasawa a ƙwaƙwalwa.
Abin da Nura ya faɗa na kasa amsa wasiƙa, wallahi haka yake. Na ga mai digiri yana kuka saboda ya kasa tashi ya yi wanka. Kuma in aka yanke musu farat ɗaya, hamma, majina, gudawa, gumi, ciwon ƙashi, kwana da kwanaki ba barci. Iyaye su ga haka su ce iskanci ne ko aljanu.

Nura:
To kin ji, Bilkisu. Har akwai wurin da De Quincey ya ce masu masaƙun auduga na Manchester sun gaya masa ma'aikatansu sun koma shan ofiyam, ran Asabar da yamma kantunan magani cike suke da ƙwayoyi an jera ana jiran su, saboda albashinsu bai kai su sayi giya ba. Da na karanta sai na tuna 'yan ga-ruwa da masu dako da suke haɗiyar tramol don su iya yini suna aiki. Shekara 200 tsakani, amma dalilin guda.

Bilkisu:
Na yarda da wannan. Amma bari in faɗi abin da ban faɗa a aji ba, tunda nan ba wanda ya san gidanmu. Ina da wa, uwa ɗaya uba ɗaya, shekara 6 ke nan yana shan kodin da ƙwaya. Ni ce nake kwana da Mama a ɗaki ranar da bai dawo ba. Ni na ɓoye keken ɗinkinta a gidan maƙwabta bayan ya sayar da fankar tsaye da tukunyar gas. Ranar da kakarmu ta rasu, a wurin zaman makoki ya ja ni gefe ya ce in ranta masa dubu biyu. Bai yi kuka ba. Amma ranar da aka kama mai kemis ɗin da yake saya a wurinsa, na ga yayana yana zaga tsakar gida kamar wanda aka yi wa mutuwa, daga baya ya hau mota har wani gari ya nemo. Shi ya sa uban da aka ba layi ɗaya da mai ɗibar bammin da aka bi shekara 10 suka hana ni barci.
De Quincey yana da mata, Margaret. A littafin ya yabe ta, ya ce ita take zama kusa da shi dare bayan dare tana share masa gumi tana jiƙa masa leɓe. Layuka kaɗan ne. Ta haifa masa 'ya'ya 8, ta yi ta fama da bashi da masu bin bashi, ta riga shi mutuwa da shekara 22. Ni ita nake nema a littafin, ban same ta ba.

Anti Rabi:
Allah sarki ƙanwata. Allah ya shirya shi, ya ba Mama haƙuri. Ki yi mini magana ta gefe in kin samu sarari.

Ustaz Bashir:
Allah ya yaye masa, ya sa kaffara ce a gare ku. Ni tambayata ta wani gefe ce, kuma ba don in ɓata wa malaminku ba. Shin ya dace a ba matasa littafin da mutum yake tona asirin kansa, har yana siffanta daɗin abin maye? Hadisi ya inganta a Bukhari da Muslim daga Abu Huraira cewa dukkan al'umma ana yi musu afuwa ban da masu bayyanawa, wato mutum ya yi saɓo da dare Allah ya rufa masa asiri, gari ya waye ya ce wane, jiya na yi kaza da kaza. Ga Bilkisu da bakinta ta ce ta ji tana son ta san yadda abin yake. In ita da ta ga illarsa a gida ta ji haka, ina ga yaron da bai gani ba? Mu a adabinmu an yi maganar giya, Mu'azu Haɗeja ya yi waƙa sukutum a kanta, amma ta fuskar gargaɗi ya yi, bai tsaya yana kwatanta zaƙinta ba.

Malam Tukur:
Allah ya gafarta Malam, tambayarka tana da nauyi, kuma an yi wa De Quincey wannan zargin tun yana raye, cewa littafinsa ya ja wasu sun gwada. Ban raina wannan ba. Amma na koyar a sakandare shekara 31, kuma na ga iyakar gargaɗi. Yaron da ya riga ya fara sha, in ka ce masa abin ba daɗi sai wahala, ya san ka faɗi abin da ba haka ba, daga nan ya daina sauraronka gaba ɗaya. Alƙur'ani da kansa, a aya ta 219 ta Baƙara, ya ce a cikin giya da caca akwai zunubi babba da wasu amfanoni ga mutane, zunubin ya fi amfanin girma. Bai ɓoye amfanin ba. Kuma ka fi ni sanin cewa hanin a hankali ya zo, daga Baƙara zuwa Nisa'i zuwa Ma'ida, har Nana A'isha ta ce da abin da aka fara saukarwa shi ne kada ku sha giya, da sun ce ba za mu bar ta ba har abada.
Waƙar gargaɗi muna da ita, wa'azi muna da shi. Abin da ban taɓa riƙewa a hannuna ba shi ne littafin Hausa da wani zai ce ni wane, ga yadda na fara, ga abin da na sayar, ga ranar da na ɗaga wa uwata murya. Kunya ta hana, kuma kunya abu ne mai kyau. Sai dai a ƙarƙashin kunyar nan gidaje nawa ne suke zaton su kaɗai ne?

Ustaz Bashir:
Na karɓi rabin maganarka, Malam. Malamai sun bambance mai faɗin saɓonsa don alfahari da mai faɗa don neman fatawa ko magani ko don wani ya wa'aztu. Sahabbai sun ba da labarin jahiliyyarsu. In tubabbe ya rubuta don ya tsamo wani, ban ga laifi ba. Inda na tsaya shi ne, wannan Baturen bai tuba ba, Bilkisu ta ce har ya mutu yana sha. To me ya rage in ba tallar abin ba?
Amma kada a fahimce ni a karkace. Akwai mutumin da ake yawan kawowa gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, saboda shan giya. Wani ya tsine masa, Annabi ya hana, ya ce yana son Allah da ManzonSa. Yana cikin Bukhari. Yayanki ɗan'uwanmu ne, Bilkisu, kada a bari kowa ya tsine masa a gidan, ko da Mama ce cikin fushi.

Bilkisu:
Na gode Malam. Mama ba ta taɓa yi masa baki ba, sai dai ta yi shiru ta shiga ɗaki. Kawunanmu ne suke cewa a kai shi gidan mari.

Anti Rabi:
Don Allah kada ku yarda. Kun manta abin da aka gani a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba na 2019, da 'yan sanda suka fito da sama da mutum 300, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon bulala? Bayan nan aka buɗe wasu a Katsina da sauran wurare. Mari yana hana ƙafa tafiya, ba ya taɓa abin da ke kai, ranar da aka kwance shi sai ya koma da ƙarin ƙiyayya. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware ta Sakkwato, akwai na Dawanau a Kano, kuma asibitocin koyarwa suna da sashen. Zuwa can ba ya nufin mutum mahaukaci ne. Kuma ku sa a ranku cewa komawa bayan an daina yana cikin ciwon, wasu sai a karo na uku ko na huɗu suke tsayawa.
Ku kuma daina jin ku kaɗai ne. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ce mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da wani abin maye a shekara guda a Najeriya, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. Gwamnati ta hana shigo da maganin tari mai kodin da haɗa shi a watan Mayu na 2018, bayan rahoton BBC, amma ke shaida ce bai ɓace ba, tsada kawai ya ƙara.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum, ina biye da ku daga nan Zinder. Allah ya ba yayanki lafiya, ƙanwata. Nan ma tramol ya ci mana samari, musamman 'yan kabu-kabu da masu aikin ƙarfi. Ni da Faransanci na karanta Tutuola, Raymond Queneau ne ya fassara shi a 1953. Wurin da ban manta ba shi ne na kyakkyawan mutumin nan da ya shigo kasuwa, wata budurwa da ta ƙi duk masu nemanta ta bi shi. Ya ce ta koma, ta ƙi. Da suka shiga daji sai ya fara mayar da sassan jikinsa ga masu su yana biyan kuɗin haya, ƙafa, hannu, ciki, har fatar kai, sai ƙoƙon kai ya rage yana tsalle. Ta so gudu, ba hali. Ya kai ta rami ya ɗaura mata wuri a wuya, ta kasa magana, in ta motsa wurin ya yi ƙara. Ban san ko ya yi nufin haka ba, amma duk wanda ya ga yadda ƙwaya take fara wa yaro da yadda take ƙarewa da shi zai gane wannan mutumin.

Nura:
A nan ne nake jin tsoro. In muka ce kowane dodo a littafin ƙwaya ce, mun ɗora wa Tutuola abin da bai ce ba. Wannan tatsuniyar Yarbawa ce ta jan kunnen 'yan mata masu ƙin zaɓin iyaye, mu ma muna da irinta, ta yarinyar da ta ce ba ta auren mai tabo ta ƙare a hannun dodo. Kuma mashayin nan ai jarumi ne a littafin. Shi ya kamo Mutuwa a cikin raga, shi ya ceto budurwar ya aure ta. Tutuola bai hukunta shi ba ko sau ɗaya.

Malam Tukur:
Gaskiyarka, Nura, kuma ki riƙe wannan, 'yata, kada jingarki ta zama kin mayar da littafin wa'azi. Tutuola mutumin Abekuta ne, an haife shi a 1920, karatun bokonsa bai wuce shekara 6 ba, yana masinja a wani ofishin gwamnati a Legas ya rubuta labarin. Tatsuniyoyin da ya ji ya zuba, a kan hanyar da D. O. Fagunwa ya share da Yarbanci tun 1938. Ba littafin yaƙi da shaye-shaye ya zauna rubutawa ba.
Amma ga abin da zan ƙara miki. Ɗauko Ruwan Bagaja ki ajiye kusa da shi. Abubakar Imam ya rubuta shi don gasar da aka yi a Zariya a 1933, ya fito a 1934. Shi ma tafiya ce mai nisa, da aljanu da abubuwan mamaki, ana neman abin sha. Amma Alhaji Imam, jarumin labarin, don wa ya fita? Don a warkar da ɗan sarki, kuma don ya wanke Liman daga wulaƙancin da aka yi masa a fada. Ƙishirwar wani ce da mutuncin wani suka fitar da shi. Na Tutuola kuwa maƙogwaronsa ne ya fitar da shi. Ƙafa iri ɗaya, juriya iri ɗaya, dabara iri ɗaya. Na sha tunanin wannan game da ɗalibaina da suka lalace. Ba ragwaye ba ne. Yaron da zai iya tashi da asuba ba ko sisi, kafin azahar ya haɗa kuɗin kwalba biyu, yana da wayon da zai riƙe shago.

Bilkisu:
Wallahi Baba Malam kamar ka san shi. Shi ne ya fi mu ƙoƙari a makaranta, shi ya koya mini lissafi. Har yanzu in waya ta lalace a unguwa shi ake kawo wa.
Nura, na ji maganarka, ba zan ce Tutuola ya yi nufi ba. Zan ce ni na gani. Kuma akwai ƙarshen, wanda ba mu taɓa ba. Da ya isa garin matattu ya sami mutumin nasa, sai ya tarar can komai a juye yake, da baya ma suke tafiya. Mai ɗibar bammin ya ɗibo masa ya sha, amma ya ce ba zai bi shi gida ba, matacce ba ya zama da masu rai. Ya ba shi ƙwai guda mai ba da duk abin da aka roƙa. Ya dawo gida ya tarar ana yunwa, ƙwan ya ciyar da jama'a, gidansa ya sake cika. Da ƙwan ya fashe suka sake watsewa, kamar dai farkon littafin. Shekara 10 na wahala, kuma abin da ya fita nema bai dawo da shi ba. Anti, ba haka ba ne? Yayana ya taɓa ce mini shi yanzu ba ya jin komai in ya sha, yana sha ne kawai don ya zama daidai.

Anti Rabi:
Haka ne. Jiki yana sabawa, abin da kwalba ɗaya take yi da sai uku, daga baya ukun ma sai dai su hana ciwo. Daɗin farkon nan ba ya dawowa, shi suke bi. Kuma a nan haɗarin yake: wanda ya daina na wata biyu ya koma ya sha adadin da ya saba, jikin ya riga ya manta, numfashi yana iya tsayawa. Ku sani, shi ma ya sani.

Nura:
To ai De Quincey ya faɗi wannan ɗin ma, daga sau ɗaya a mako 3 zuwa ɗigo 8,000. Ni dai ina nan a kan bakata, amma na yarda da abu ɗaya: akwai wurin da ya ɓata mini rai. Wani baƙo ɗan ƙasar Malaya ya ƙwanƙwasa masa ƙofa a ƙauye, ya ba shi ofiyam da shi da kansa ya ce ya isa ya kashe sojan doki uku da dawakansu, mutumin ya haɗiye gaba ɗaya ya tafi. Bai bi shi ba. Daga baya sai mutumin ya zama dodon mafarkinsa, da kadoji da gumakan Asiya, yana rubuta ƙyamar mutanen Gabas ƙarara. Shi ya ba da gubar, amma shi ne abin tausayi a labarin.

Bilkisu:
Ka ga abin da nake nufi ke nan. Kowa a littafinsa yana shigowa ne don ya haska shi. Har Ann, yarinyar titi da ba ta cika 16 ba, wadda ta ruga ta sayo masa abin sha da kuɗinta ranar da ya some don yunwa. Ya neme ta daga baya bai same ta ba, kuma na yarda ya ji zafin haka har ransa. Amma ko sunan mahaifinta bai tambaya ba.

Ustaz Bashir:
To ke me zai hana ki rubuta na Margaret ɗin? Ba na Baturiyar ba, naki da na Mama. Ki sakaya suna da gari, ki rufa wa ɗan'uwanki asiri. Wannan ba ya cikin abin da hadisin ya hana, kuma ni zan karanta.

Bilkisu:
Ban sani ba ko zan iya, Malam. Ko wannan da na rubuta a nan hannuna rawa yake. Jingar dai shafi 5 aka ce, ran Litinin za a karɓa. Zan fara da uban da aka ba layi ɗaya, in kawo wasiƙun da De Quincey ya kasa amsawa don kada in zalunce shi, in sa maganar Baba Malam ta Ruwan Bagaja in ya yarda. Ban yanke ba ko zan ambaci yayana ko in ce wani na sani.

Malam Tukur:
Na yarda, ki sa. Ki ce wani kika sani, malaminku zai gane, kuma ba hakkinsa ba ne ya san fiye da haka.

Bilkisu:
To Baba Malam. Anti Rabi, na turo miki saƙo ta gefe. Mama ta ce in tambaye ki ko ana karɓar mutum a asibitin in ba shi da kansa ya ce a kai shi ba, don jiya da aka yi masa maganar tashi ya yi ya fita, sai ƙarfe 2 na dare ya dawo.